Godiya bayan aikin idon Inna

Assalamu alaikum ƴan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, jiya aka zare ƴar robar nan da aka sa a sabuwar hanyar hawaye lokacin aiki, wadda ta yi wata 3 a idon Inna. Da likita ya gama sai ya ɗura mata ruwan gishiri ta ƴar kafar da ke gefen ido wajen hanci, kamar yadda ya yi tun farko. Wancan karon ruwan dawowa ya yi waje haɗe da mugunya. Jiya kuwa ta yamutsa fuska ta ce, "Kai, gishiri a maƙogwarona!" Likita ya yi dariya, ya ce abin da yake jiran ji ke nan, hanya ta buɗe. Ni kam fita na yi na zauna a dakali, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

Kun san sauran. Shekara 2 tana share ido da bakin mayafi, duk inda ta shiga ana ce mata "haƙuri Hajiya", ana zaton kukan rasuwar Malam ne bai ƙare ba. Ashe magudanar da ke kai hawaye cikin hanci ce ta toshe, har wurin ya kumbura ya ɗuri ruwa. Kun san tafiyar Yamai, kusan kilomita 900 a mota da tsohuwa, da yadda aka huda ɗan ƙashin gefen hanci aka yi wa hawayen sabuwar hanya. Ba zan maimaita ba, na gaji.

Daren da ba zan manta ba shi ne na uku da dawowarmu Damagaram. An ja mana kunne: kada ta fyace hanci, ta kwana kai a ɗage bisa matasai, kada ta ɗauki abu mai nauyi. To cikin barci ta manta ta fyace. Wajen ƙarfe 2 na dare na ji tana kirana a hankali. An ɗauke wuta, na haska fitilar waya, sai ga haɓo ya jiƙa matashi har wuyan riga. An faɗa mana ana iya ganin ɗan jini, amma wallahi a lokacin komai ya ɓace mini. Na ce shi ke nan, aikin ya warware.

Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara, wadda muke ce wa Iya, na san ba ki son a ambace ki, ki yafe mini. Bugu ɗaya na yi wa ƙofarki kika fito ko takalmi babu, da ƙullin ƙanƙara na ƙarshe da bai narke ba. Kika tarar ina ƙoƙarin kwantar da Inna rigingine, kika ce, "A'a ƴata, zaunar da ita ta sunkuya, kada ta haɗiye jini." Kika naɗe ƙanƙarar a ɗankwalinki kika ɗora mata a karan hanci, kina mata hirar bikin da aka yi a Zango tun kuna ƴan mata, har Inna ta fara gyara miki labarin. Can na duba, jinin ya tsaya. Ba ki tafi ba sai da aka kira asalatu. Allah ya saka miki da Aljanna Firdausi, ya raya miki zuri'a, ya sa kada ki nemi taimako ki rasa.

Ɗanki mai kabu-kabu da ya kai mu asibiti da sassafe ya ƙi karɓar ko dala, Allah ya tsare shi a hanya. Kawu na kasuwar Dole da ya turo jaka 50 ba tare da an roƙe shi ba, Allah ya buɗa kasuwa. Malamar jinyar da ta koya mini ɗiga maganin ido ba tare da bakin kwalba ya taɓa idon ba, da matan makarantar Islamiyya da suka yi ta zuwa da kunu da fura, Allah ya biya ku, ya jiƙan iyayenku, ya ba marasa lafiyarku lafiya.

Waɗanda suka yi ta turo saƙon murya cewa jifa ne, a bar asibiti a nemi na gida, mun ji, mun gode da shawara. Daga Sabon Gari zuwa Birni dai ba nisa, kuma Inna ta tambaye ku fiye da sau ɗaya. Na ce mata hidima ce ta yi muku yawa.

Mai son gaishe ta ya zo bayan la'asar, da safe ƙurar hunturu tana damunta. Kuma akwai kuloli 4 na abinci a wurinmu, shuɗiyar nan mai karyayyen hannu har yanzu ban san mai ita ba.