Ƙwallon boris a cikin man inji

Tun la'asar tambayar Auta take yi mini yawo a kai. Yana cikin haddar dokar Newton ta farko, wadda ta ce abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe, da gudu ɗaya, matuƙar wani ƙarfi bai taɓa shi ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Yaya, wa ya taɓa ganin haka? Ko ƙwallo na buga, da kanta take tsayawa."

Ban ga laifinsa ba, domin abin da ido yake gani ke nan. A kan irin wannan fahimta ta Aristotle, masanin falsafar Girka na dā, masana suka zauna shekaru aru-aru, kafin Galileo ya yi ta gangara ƙwallaye a kan katako, sannan Newton ya buga dokokinsa a 1687. Gogayya da ƙasa da turjiyar iska ne suke cinye gudun ƙwallon.

Na cika kwalba ɗaya da ruwa, ɗaya da man inji, na ba shi ƙananan ƙwallayen boris biyu ya saka. Ta cikin ruwa ta buga gindin kwalba kafin ƙiftawar ido. Ta cikin mai kuwa sai ta riƙa nutsewa sannu a hankali, ɗan kumfa yana maƙale a bayanta, gudunta bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na ce masa ai dokar ce yake kallo: nauyi yana janta ƙasa, kaurin man da ɗagawar da yake yi mata suna tare ta, kuma da ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai sai gudun ya tsaya a ma'auni ɗaya. Masanin kimiyya George Stokes ya yi lissafin wannan turjiya tun 1851. Da na gaya masa kwalta ma tana kwarara, cewa a Jami'ar Queensland ta Ostireliya an zuba ta a mazurari a 1927 kuma ɗigo na tara bai faɗo ba sai 2014, sai ya yi shiru yana kallon kwalbar.

Da dare ya yi kuma raina ya ɓaci. Gobe zai rubuta dokar kalma da kalma a jarrabawa ya samu maki, alhali tambayar da ta fi haddar daraja babu gurbinta a takardar. Ya dai roƙe ni mu ɗumama man ranar Asabar, domin ya auna da agogo yadda zafi yake rage masa kauri.