Abin da na koya a ƙarƙashin motocin da aka ɗaga

Mai mota yakan zo da lissafinsa a shirye: dogayen sifirin, sababbin shokozoba, manyan tayoyi. Da wuya ka ga wanda ya ware wani abu domin farfela, wato dogon bututun da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa aksil. Sai an ɗaga motar, ta hau kwalta, ta fara gudu, kujera ta soma kaɗa masa baya, madubi yana rawa, sannan ya dawo yana ɗora wa tayoyi laifi. A lokacin kuwa aljihu ya riga ya bushe. Shi ya sa yawancin gyaran da na yi wa irin waɗannan motocin shiga daji, da kayan da aka kwance daga matattun motoci na yi shi. Ƙarfen yana zuwa da araha, amma abin da ka rage a kuɗi za ka biya shi da awo.

Sai da na fahimci halin kuros, wato gaɓar nan mai hannu huɗu da ke barin farfela ta juya a karkace, sannan sauran suka zauna mini. Muddin kuros yana aiki a karkace, ba ya miƙa juyi daidai wa daida. Sandar da ke tura shi tana tafiya da gudu ɗaya, amma wadda yake turawa sai ta ƙara sauri ta rage har sau biyu a kowane zagaye. A digiri 10 bambancin bai wuce kashi 1.5 cikin ɗari ba, a digiri 30 kuwa ya kai wajen kashi 15. Dabarar masu ƙera mota ita ce su sa kuros biyu, ɗaya a kowane bakin farfela, su karkace daidai da juna, gwafofin da ke riƙe da su kuma a layi ɗaya, ta yadda na biyu zai warware abin da na farko ya ƙulla. Ƙa'idar da kamfanin Spicer mai ƙera kuros da farfela ya bayar ita ce kada kusurwoyin biyu su bambanta da fiye da digiri ɗaya, kada su wuce digiri 3 in ana son kuros ya yi ƙarko, kuma kada su gaza rabin digiri, domin siraran alluran da ke cikin kofunansa su riƙa juyawa suna shan giris.

Ɗaga mota yana rusa wannan lissafi, kuma tsawon farfela ne ke nuna girman ɓarnar. Ka ɗaga mota santimita 10 alhali farfelarta ta kai santimita 120, an ƙara mata karkata da ba ta kai digiri 5 ba. Ɗagawar nan dai a kan farfela mai santimita 50 ta haura digiri 11. Shi ya sa doguwar akori-kura takan haɗiye ɗagawar da gajeriyar Jeep Wrangler ba za ta iya haɗiyewa ba. Wrangler ta 1987 zuwa 2006 farfelarta ta baya gajeriya ce ƙwarai, ga kuma gwafa mai zamewa a wutsiyar akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya, yawanci samfurin NP231, wadda ke cinye wani yanki na ɗan filin da ake da shi.

Mafi arahar magani shi ne a sa ƙarfe tsakanin shasi da gadon da akwatin yake zaune a kai, a sauke shi kamar inci ɗaya. Yana rage jijjiga, ban musa ba. Amma mutum ya kashe kuɗi domin cikin motarsa ya yi nesa da duwatsu, sai kuma ka dawo masa da akwatin kusa da su. An gudu ba a tsira ba. Ina yin sa ne kawai ga wanda ɗagawarsa kaɗan ce kuma ba shi da niyyar hawa dutse.

Gyaran da ya fi kwanta mini shi ne a kawar da gwafa mai zamewa, a kafa tsayayya a wurinta, sannan a nemo farfelar gaba ta tsohuwar Jeep Cherokee, wadda aka ƙera daga 1984 zuwa 2001, a sa ta a baya. Yawancinsu suna da tagwayen kuros a baki ɗaya da wurin zamewa a jikin farfelar, kuma sun cika filayen matattun motoci a ƙasashen da aka sayar da su da yawa. Masu ƙaramin ƙarfi har yanke sandar akwatin suke yi, su huda tsakiyarta, su yi mata zare, su ɗaure sabuwar gwafar da kusa. Yana yi, in dai ramin ya tafi a miƙe.

To a nan mutane da yawa suke faɗawa rami, har da waɗanda suka daɗe da sifana a hannu. Farfela mai tagwayen kuros ba ta bin ƙa'idar da na faɗa a sama. Tagwayen suna warware wa juna matsalarsu a wuri ɗaya, saboda haka kuros ɗin da ya rage a wajen aksil ba shi da abokin da zai gyara masa, dole ya zauna kusan a miƙe. Ke nan sai an juya aksil, bakin finiyon, wato ƙaramar giyar aksil da farfela ke juyawa, ya ɗaga ya kalli akwatin. A mota mai sifirin na falle-falle nakan bar shi digiri ɗaya ko biyu ƙasa da layin farfelar, domin da an taka totur aksil yakan murɗa sifirin, bakin ya ɗaga da kansa. An sha kawo mini mota da farfela mai kyau, kuros sababbi fil, tana karkarwa fiye da yadda take kafin a taɓa ta, don kawai an bar finiyon a inda kamfani ya ajiye shi. Ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu, ko ma wayar hannu da aka ɗora a kan wuri mai santsi, ya isa ya nuna laifin cikin minti kaɗan, da sharaɗin motar tana tsaye a kan tayoyinta da nauyinta duka. Awon da aka yi tana rataye a jak ba awo ba ne.

Idan da 'yan tsinin ƙarfe za a juya aksil ɗin, waɗanda ake sawa tsakaninsa da sifirin, na baƙin ƙarfe nake sa wa. Na alminiyam sukan tsage. Kuma in an ɗaga bakin finiyon sosai, mai yakan koma baya ya bar boris ɗin gaba da ƙishi, sai a ɗan ƙara man fiye da yadda aka saba.

Zaɓen farfela a cikin tarin ƙarfe aiki ne na hannu fiye da na ido. Nakan shafa bututun daga kai zuwa gindi ina neman lotsawa, domin a irin wuraren nan da injin ɗaga kaya ake cicciɓar mota ta ƙasa, kuma farfela ce ke fara shan wahala. Nakan duba ko 'yan faranten da kamfani ya manna don daidaita nauyi suna nan, ko sun faɗi sun bar tabo. Jan gari mai kama da ƙura a gefen kofin kuros alama ce alluran sun bushe suna cin junansu. Wurin zamewa kuma, in na riƙe ɓangarorin biyu na murɗa na ji ƙwas-ƙwas, ajiye ta nake yi, don gyaran wannan ya fi kuɗin farfelar. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙwallon da ke tsakanin tagwayen kuros, wanda ke raba musu kusurwa biyu daidai. In ya ci, kan farfelar yakan langaɓe in ka ɗaga ta, a hanya kuma ya riƙa tsiwa kamar ɗan tsako.

Da wuya tsawon ya zo daidai, sai an yanke an sake walda. Kafin zarto ya taɓa ta nake jan layi tun daga wannan gwafa zuwa waccan, domin su koma yadda suke. Masu cewa ai motar daji ce, ba sai an daidaita ba, ba su yi lissafi ba. Taya mai inci 33 a gudun kilomita 100 a awa tana zagaye kusan 630 a minti, in giyar aksil ɗin 4.10 ce, wato farfela na zagaye 4.10 a duk zagaye ɗaya na taya, farfela tana yin kusan 2,600. A wannan gudu ɗan kaucewar da ido ba ya gani ya isa ya cinye boris da sil. Ni dai in agogon awo ya nuna mini kaucewa fiye da rubu'in milimita a kusa da waldar, sai an sake. Wurin mai injin daidaita farfela kuwa yana cikin 'yan wuraren da nake matsa wa mai mota ya biya.

Aksil ɗin da aka kwance daga matacciyar mota ma haka. Wanda aka fi nema domin maye gurbin Dana 35, aksil ɗin baya na Jeep, shi ne Ford 8.8 na motar Explorer, musamman na 1995 zuwa 2001 mai burkin faifai. Sandunansa haƙora 31 ne, na Dana 35 kuwa 27, ramukan notin taya biyar ne a tazara iri ɗaya da ta Jeep, sai dai ya ɗan fi shi ƙanƙanta a faɗi. Amma kafin a biya sai an tabbatar da lissafin giyarsa, don dole na gaba da na baya su zo ɗaya, in ba haka ba da an sa ƙafa huɗu za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. Ban yarda da 'yar alamar da ke maƙale a murfi ba, tunda ban san hannu nawa ya bi ta cikinsa ba. Buɗe murfin nake yi in ƙirga: haƙora 41 da 10 shi ne 4.10, 41 da 11 shi ne 3.73, 39 da 11 shi ne 3.55. Wanda ya tashi daga taya mai inci 29 zuwa 33 ya yi asarar kusan kashi 12 na ƙarfin jan motarsa, saboda haka in da 3.55 yake, 4.10 ne zai mayar da shi kusa da inda ya baro. Kujerun sifirin da za a manna wa sabon aksil kuwa, ɗigon walda kawai nake yi musu, a sauke motar, a auna finiyon, sannan a ƙone su gaba ɗaya.

A gaba lamarin ya fi wuya, domin juya aksil don a faranta wa farfela yana rage kwanciyar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa, mota ta riƙa yawo a kan hanya. In dole sai ɗaya ya yi haƙuri, farfela nake bari ta yi.

Akwai abubuwan da ba na ɗaukowa daga matacciyar mota ko da kyauta ne: kuros, sil, da kusoshin da ke rungume aksil da sifirin, waɗanda sukan miƙe tun ɗaurin farko. In gwafar aksil da ta farfela ba su zo girma ɗaya ba, misali 1310 da 1330, akwai kuros na haɗi da ake sayarwa domin haka, ba sai an yi dabara da walda ba. Kafin mota ta bar hannuna nakan ɗaga ta ta shasi, aksil ya sauka iya saukarsa, in juya farfela da hannu in ji ko tana cijewa, in duba haƙoran zamewa nawa suka rage a ciki. Sannan a danne sifirin iya dannuwa a ga ko akwai sauran fili. Farfelar da ta ƙure wajen shigewa tura akwatin take yi da dukan nauyin motar, jikin NP231 kuwa alminiyam ne, fashewa yake yi.