Abin da karatun tsoka ya koya mini game da ciwon suga

A ajin nazarin aikin jiki, a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, an koya mana cewa tsoka ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin mutum, kuma ita ke kwashe mafi yawan sukarin jini idan insulin, sinadarin da ke taimaka wa sukari ya shiga ƙwayoyin jiki daga jini, ya yi aikinsa. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda take yi da kitse.

Tun 1963 wani masanin kimiyya ɗan Birtaniya, Philip Randle, ya nuna cewa kitse da sukari gasa suke yi a cikin tsoka: idan maiƙo ya yi yawa a jini, sai ta koma ƙona shi, ta rage amfani da sukari. Idan kuma kitsen da ke shigowa ya fi ƙarfin abin da mitokondiriya, wato ƙananan murahun da ke cikin ƙwayoyin tsoka, ke iya ƙonawa, ragowar na rikiɗa zuwa sinadarai irin su seramid, masu toshe saƙon insulin. Ta nan ciwon suga nau'i na biyu ke samun ƙofa.

Sai dai masu gudun dogon zango ma tsokarsu cike take da kitse, kusan kamar ta masu ciwon, amma insulin na aiki a jikinsu sarai. Nasu kamar itacen mai tuwon sayarwa ne, ana kawowa ana ƙonawa, ba ya kwana. Wannan ya sauya mini yadda nake yi wa marar lafiya tambaya.

Lokacin horo a asibiti, wani dattijo ɗan kasuwa ya ce mini, "Ɗiyata, na bar shayi, na bar fura mai sukari, me kuma ya rage?" Na duba shi: tumbi ya fito, cinyoyi sun sirance. Kabu-kabu ke kai shi shago, yana kan benci har la'asar. Tausayi ya kama ni, don ya yi iya ƙoƙarinsa ta fannin ci.

Na ce, "Baba, ƙafafunku suka rage. Ku riƙa takawa bayan cin abinci, tare da shan maganinku."

Dalili kuwa, tsokar da ke motsi tana jan sukari ko da insulin bai taimaka ba, kuma yau da gobe mitokondiriyarta na ƙaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. A zafin Afrilu na Yamai ba mai iya wannan da rana tsaka, shi ya sa muka tsayar da bayan asuba da bayan abincin dare.