RSI ta haura 70, na sayar da zinare

Dala 300 ce a asusuna, lebareji 1:500 (wato dillali ya ba ni damar cinikin da ya ninka kuɗina sau 500), ina cinikin zinare a manhajar MetaTrader 5 daga shagona da ke Tudun Wada. Wata Juma'a da hantsi RSI, ma'aunin ƙarfin motsin farashi da ake cewa saye ya yi yawa in ta haura 70, ta kai 78 a jadawalin farashi na minti 5, MACD, wani ma'aunin makamancinta, ma ta fara sunkuyawa. Na ce farashi ya gaji, na sayar da lot 0.10, wato in farashi ya sauka in ci riba, in ya hau in yi asara. Ya ƙara hawa dala 4, RSI ta kai 84, sai na ƙara wani 0.10, wai ina gyara matsakaicin farashina. Ban sa iyakar asara ba, wato farashin da ciniki zai rufe kansa in ya juya mini. Wannan ƙarin har yau yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lot ɗaya na zinare oza 100 ne, kenan 0.20 oza 20. Duk dala ɗaya da farashi ya hau, dala 20 ta bar aljihuna. Dala 15 kacal ta isa ta share asusun, ni kuwa ban ko buga wannan lissafin ba, idona na kan layin RSI. Ga shi Juma'ar farko ce a wata, ranar da galibi Amurka ke fitar da rahoton ayyukan yi, ƙarfe 1:30 agogonmu a lokacin zafinsu. Ina masallaci ya fito. Bayan sallama, ina neman takalmina na duba waya: dillali ya rufe duka biyun, saura dala 37.

Da dare na buɗe jadawalin awa 1, kunya ta kama ni. Kowane ƙololuwa ya ɗara na baya, kowane komawa ƙasa ya tsaya sama da na baya, farashi ya fasa ƙololuwar jiya, ya dawo ya taɓa ta, ya wuce. RSI ta fi dogara ne da kyandir 14 da suka wuce (kyandir shi ne zanen motsin farashi na kowane lokaci a jadawali), in kasuwa ta miƙe tana iya daɗewa sama da 70.

Yanzu ƙololuwa da ƙasan jiya nake fara zanawa, alkibla kuma daga awa 1. Iyakar asara bayan komawa ta ƙarshe, da ɗan tazara, don gibin da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa yana buɗewa lokacin fitar irin wannan rahoto ya tsinke mutum a banza. Kashi 1 cikin 100 nake kasada: a dala 300, lot 0.01 da tazarar dala 3. Kyandir ma yana yaudara, dogon wutsiyarsa, wato farashi ya yi tsalle ya dawo, ya sha fitar da ni daga ciniki. RSI tana nan, sai dai ina leƙa ta ne idan farashi ya yi sabon ƙololuwa ita ta kasa. Ƙari a kan cinikin da ke asara kuwa, na rubuta "0.20" a takarda na manna jikin kantata.