Yadda munka sake salon koyarwa a lakwal ɗinmu ta Tawa

Malamai da dama sun tambaye ni wajen taron CAPED, wato taron ƙara ma juna sani na malamai, yaya munka yi har yaran lakwal ɗinmu sunka fara magana cikin aji, to bari in rubuta shi nan gaba ɗaya kowa shi gani, don wajen taro lokaci bai isa, ana cikin magana sai a ce a tashi salla. Ni malama ce a wata lakwal ta gwamnati nan cikin garin Tawa, CE1, wato aji uku na firamare, nike riƙe da shi yanzu amma na yi CI, aji ɗaya, na yi CP, aji biyu.

Kowa ya san yadda anka koyar da mu kuma haka muka fita muna koyarwa. Mushe na tsaye gaban tabulo da bulala a hannu, shi faɗi, aji duka su maimaita da ƙarfi har maƙwabta na ji, sannan a kwafe cikin kaye. In ka wuce ta waje ka ji muryarsu sai ka ce wallahi karatu na tafiya. Abin da ya tada mu shi ne da direkta ya ce mu kira yara ɗaya bayan ɗaya, kowane shi karanta layi guda shi kaɗai ba tare da taron aji ba. Nan munka ga yaro a CE2, aji huɗu, shina iya rera darasi duka da ka amma in ka aza yatsa bisa harafi guda ka ce mine ne wanga sai shi yi shiru shina kallon ƙasa. Kuma ba mu kaɗai ba ne, binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ƙoƙarin ɗalibai a ƙasashe masu amfani da faransanci, ya nuna a Nijar ko kashi 10 cikin 100 na yaran da ke gama firamare ba su kai matakin karatun da ake nema ba. Amma jin alƙaluma daban, ganin ɗiyar maƙwabciyarka da ta yi shekara huɗu tana zuwa lakwal kullum ba ta iya rubuta sunanta, wannan daban, ni dai ranar ban ci abincin kirki ba.

Abu na farko da munka yi shi ne raba yara gwargwadon abin da sunka iya ba gwargwadon ajin da suke ba, na ɗan lokaci kowace rana. Masu neman haruffa wuri guda, masu haɗa gaɓa wuri guda, masu karanta jimla wuri guda. Cikin aji kuma munka daina jera su duka suna fuskantar tabulo, sai ƙungiya ƙungiya, shida ko bakwai bisa tabarma ko kewaye da tabul, kowa da ardwaz nashi, a ba su aiki guda su yi shawara sannan ɗaya shi tashi shi gaya ma aji abin da sunka samu. Kuma ba mai ƙoƙarin ne kullum ke tashi ba, ni nike zaɓe, don haka dole mai ƙoƙari shi tabbata na kusa da shi ya gane. Ajina ya fi yara saba'in, kada wani shi ce mini sai mai ƙaramin aji ke iya wannan.

Wajen lissafi ne na fi ganin abin mamaki. Akwai ƴan mata da ke tallar ƙosai da kunu da marece, cikin aji ana yi musu kallon marasa kai saboda in an rubuta 250 F cire 175 F sai su tsaya. Ranar da na kawo albasa da marafan kwalba na ce yau kasuwa za mu ci, na ce ma ɗaya daga cikinsu na sayi na dala talatin da biyar na ba ki dala hamsin nawa za ki maido mini, ban rufe baki ba ta ce dala sha biyar Madam. Lissafi guda ne fa! Yarinya ta iya shi tun da daɗewa, a dala take ƙirga kamar kowa a kasuwa, dala ashirin ita ce 100 F, jaka guda dala ɗari biyu, mu kuma muna zo mata da faran cikin faransanci ba mu taɓa haɗa mata biyun ba. Daga nan na mai da su su ne masu koya ma sauran canji, kuma ninkawa da biyar ta shiga kan aji duka ba da wahala ba don kowa na son shi san kuɗin da ke hannunshi.

Wannan ya kai mu ga zancen harshe. Yaron da bai jin abin da kake faɗi ba shi da yadda za shi yi tambaya, kuma mu da munka girma lokacin sambol, wancan abin da ake rataya ma wanda ya yi Hausa a lakwal, mun san tsoron buɗe baki. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin makarantun da ke koyarwa da harsunan gida, dokar ilimi ta 1998 ma ta ba su wuri, a 2025 kuma an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, amma cikin aji da yawa har yanzu malami na jin kunya shi yi bayani da Hausa kamar ya yi laifi. Mu munka ce shawara cikin ƙungiya a yi ta da harshen da yaro ya iya, in an zo gabatarwa sai mu taimaka mishi shi faɗe ta da faransanci. Muna da ɗiyan Buzaye da na Fulani da ba su daɗe da shigowa gari ba, su kuma sai mu zaunar da su kusa da wanda ke jin harshensu.

Duk wannan mai sauƙi ne in an gwada da zancen iyaye. Da yara sunka fara komawa gida suna tambayar don mi, sai magana ta fara yawo cikin unguwa wai lakwal na lalata tarbiyya. Wata tsohuwa da ke riƙon jikokinta, ubansu na bida Abijan kamar mazan yankinmu na Adar da yawa, ta tare ni bakin famfo ta ce ɗiyata, an ce kun aje bulala, to icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi, ku kuma kun bar su suna karawa da manya. Na ce Inna ki zo ki zauna cikin aji ki gani da idonki, in kin ga rashin kunya ki gaya mini gaban kowa. Ta zo kuwa. Ban ce ta yarda da komi ba, har yau tana ganin mun cika sassauci, amma ta ga jikanta ya tashi ya yi bayani gaban aji ya zauna da ladabi, kuma ita ce ta fara cewa a kira taro.

Taron ta hanyar COGES munka yi shi, wato kwamitin iyaye da malamai da ke kula da tafiyar lakwal. Abin alfahari ne gare mu don nan jihar Tawa ne shirin Makaranta Don Kowa da Japan ta tallafa ya fara a 2004 kafin shi bazu ƙasa duka, mutanenmu sun saba da zaɓen kwamiti da babban taro. An kira mai unguwa, liman, ƙungiyar uwaye mata ta AME, malamai duka, har da wakilan yara na CM, wato aji biyar da shida. Tambaya guda munka aza, wane irin mutum muke so shi fita daga wagga lakwal? An daɗe ana ja, daga baya anka tsaya bisa gaskiya, amana, girmama juna, tsabta da taimakon na baya. Abin da ya sa abin ya kama shi ne dokar ta hau kowa. Yara sun yarda da zuwa da wuri da barin faɗa da zagi, iyaye sun yarda ba a fitar da yarinya talla lokacin aji, mu malamai kuma anka rubuta muna namu: ba duka, ba latsa waya cikin aji, ba aiken ɗiyan mutane ɗebo ruwa ko wanke-wanke gidan malami, kuma in malami ya makara shi ba aji haƙuri. Wannan na ƙarshen ya yi ma wasu abokan aiki zafi ƙwarai, wani ya ce shi ba ya ba yaro haƙuri. Ni a ganina in ba mu ɗauki namu ba to ba mu da bakin ce ma yaro shi riƙe amana.

Munka kafa gwamnatin yara da zaɓe na gaske, kowa ya jefa ƙuri'a a ɓoye. Akwai ministan tsabta, na ruwa, na itatuwa, da na sulhu wanda ke fara sauraren rigima kafin ta iso gare mu. Yarinya ce ta ci shugabanci, mazan CM2 sun yi gunaguni sannan sunka bi. Da yake bikin dashen itace na 3 ga Agusta cikin hutu yake faɗawa, su da kansu sunka tsara wa zai riƙa ban ruwa har a koma, kuma dogon yaron da sunka dasa bai mutu ba.

Wahala tana nan kada in ɓoye. Aji mai aikin ƙungiya akwai surutu, in ajin zana ne na kusa da kai na jin komi, ga zafin Afrilu da ke sa kowa gajiya tun kafin azahar. Shirya darasi irin wanga na cin dare, kuma tsarin karatu na shekara ba ya jiran kowa, wani lokaci muna baya da makonni sai mu zauna da mai ba da shawara na ofishin sufeto mu nuna mishi abin da yaran sunka iya yi da kansu. Barin bulala ma ba rana guda ba ne, sai ka tanadi abin da za shi maye ta, mu dai wanda ya ɓata abu shi gyara shi, wanda ya zagi wani shi nemi gafara gaban ƙungiyarshi, in ya ci gaba a kira uwa. Sannan malaman kwantaragi ana yawan canza musu wuri, ka gama fahimtar juna da mutum sai a ɗauke shi a kawo sabo da bai san komi ba bisa yarjejeniyar. Saboda haka bana munka roƙi direkta duk sabon malami shi fara zama ajin wani na ƴan kwanaki shi gani kafin a ba shi nashi, kuma a sake karanta yarjejeniyar gaban iyaye a taron farko na kowace shekara. Abin da ya rage muna yanzu littattafan karatu ne na Hausa don ƴan CI da CP, waɗanda ke gare mu ba su isa ko ƙungiya guda littafi guda ba, shi za mu kai gaban COGES a zama mai zuwa.