An Fesa Wa Motarka Fenti? Ga Yadda Ake Cire Shi Ba Tare Da An Kashe Na Asali Ba

Fentin gwangwani da wani ya fesa wa mota don mugunta, muddin bai daɗe yana shan rana ba, yawanci yakan fita tas. Ɓarnar da ba ta gyaruwa sai an sake fenti ita ce wadda mai motar ke yi da hannunsa cikin rabin awar farko, lokacin da ransa ke ɓace: ya ɗauko soson ƙarfe, ko ya kwarara tina, wato ruwan tsinka fenti, a jikin ƙofa, ko wani ɗan kallo ya ce masa ai man birki na cire fenti. Man birki kam yana cirewa, amma har da na motar yake haɗawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Dalilin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne fentin biyu ba jinsi ɗaya ba ne. Na kamfani hawa uku ne a kan ƙarfe: fentin ƙasa mai kama ƙarfen, sai launi, sai wata shimfiɗa marar launi a sama wadda ita ce ke ba da sheƙi. An gasa su da zafi a masana'anta, sun ƙanƙame sun yi tauri, shi ya sa sinadari ba ya narkar da su nan da nan. Na gwangwani kuwa iska ce kawai ta busar da shi, kuma a kan wuri mai santsi ya zauna, ba a kankare masa wurin kamu ba. Sinadarin da zai narkar da shi cikin daƙiƙa kaɗan sai ya ɗauki lokaci kafin ya fara cin na ƙasa, kuma a cikin wannan tazarar ake yin aikin gaba ɗaya. Sai dai shimfiɗar sheƙin nan ba ta da kauri: wajen maikiron 40 zuwa 50 ce (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali takardar rubutu ta kai kusan maikiron 100. Abin da aka kankare daga cikinta ya tafi ke nan, ba ya dawowa.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto. Ka ɗauka daga nesa yadda lambar motar da wurin da take ajiye za su fito, sannan ka matso kusa ka ɗauki kowane ɓangare. Idan za ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko ka nemi diyya daga inshora, da waɗannan hotunan za a yi magana, kuma in ka riga ka goge, ka goge shaidarka. Inshorar da ke ɗaukar irin wannan ɓarna ita ce cikakkiya. Wadda ke biyan wanda ka buge kaɗai ba ruwanta da fentin motarka. Idan akwai kyamarar tsaro a kusa, ka nemi a duba a ranar, don yawancinsu sabon ɗauka kan hau kan tsoho ya share shi bayan 'yan kwanaki. Ka kuma zagaya motar ka duba tayoyi, da madubai, da murfin tanki, domin wanda ya fesa fenti yakan haɗa da jan mukulli a jikin ƙofa. Ka bi karcen da farcenka: in farcen ya wuce bai maƙale ba, goge zai ɓatar da shi, in ya maƙale, ko kana hango fentin ƙasa ko ƙarfe, wannan sai mai fenti.

Da ka gama hoto, kada ka jinkirta. Fentin gwangwani yakan bushe a sama cikin minti 10 zuwa 30, amma cikinsa bai gama tauri sai bayan awa 24 ko fiye, wani ma sai kwanaki. Zafin rana kuma gasa shi yake yi. Ka kai motar inuwa, ka bari jikinta ya huce har ka iya ɗora tafin hannu a kai ba tare da jin zafi ba. Sinadari a kan ƙarfe mai zafi yakan bushe kafin ya yi aiki, ya bar tabo.

Wanki ne farko, da sabulun wankin mota da ruwa mai ɗumi da kyalle mai laushi. Ba don sabulu zai cire fentin ba, ko da yake in ɗanye ne yakan kwashe kaso mai yawa, sai don a kawar da ƙura da yashi. Ƙwayar yashi ɗaya da ta maƙale a tsumma ta isa ta zana jikin ƙofa duka. Idan kana da injin wanki mai feshi da ƙarfi, ka riƙe bakinsa kamar santimita 30 daga jikin motar, kada ka tsaya wuri guda.

Yanzu sai gwaji, kuma ba na goyon bayan a tsallake shi ko da motar sabuwa ce dal. Buɗe ƙofa, a cikin dakalin da ba a gani, ka shafa ɗan man goge fenti da farin kyalle. Idan launin motar ya fito a kyallen, to babu shimfiɗar sheƙi a sama, kuma duk wani sinadari mai ƙarfi zai tafi da launin. Haka ma ɓangaren da aka taɓa sake wa fenti a gareji: ba lallai ba ne ya kai na kamfani tauri, kuma shi ne ya fi saurin laushi ko dushewa. Duk sinadarin da za ka yi amfani da shi, ka fara ɗiga shi a irin wannan ɓoyayyen wuri, ka jira minti ɗaya, ka goge, ka duba.

Daga mai sauƙi ake farawa. Kakin goge mota, musamman na ruwa, yana da mai a cikinsa da ke sassauta fentin da bai gama kamawa ba, kuma ba ya cutar da fenti mai sheƙi. Ka shafa da yawa, ka murza a hankali, kana juya kyallen. In bai yi ba, sai sifirit, ko WD-40, wato man feshin nan na sassauta tsatsa, ko kananzir, ko maganin cire kwalta daga jikin mota. A kyalle ake zubawa, ba a jikin motar ba. Ka ɗora jiƙaƙƙen kyallen a kan fentin na kamar rabin minti, sannan ka share ta gefe guda, ka ninka kyallen zuwa wuri mai tsabta, ka sake. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a yi ta murzawa da gefe ɗaya: fentin da ya narke sai ya bazu ya zama dabbare-dabbare, wurin da ya ɓaci ya ninka. Ka tanadi kyalle biyar ko shida, kuma ka riƙa bin wurin kaɗan-kaɗan, faɗin tafin hannu biyu a kowane karo. Fetur ma yana narkarwa, amma tururinsa na kama wuta da ɗan tartsatsi, bai kamata a ɗauki wannan kasadar ba.

Asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, da kuma tina, su ne na ƙarshe, ga fentin da ya kwana ya yi tauri. Suna aiki sosai, kuma daidai gwargwadon haka suke ɓarna. Ɗan ɗigo a kyalle, shafa ɗaya ko biyu da ba ta wuce daƙiƙa biyar zuwa goma ba, sai ka bi da ruwan sabulu nan take, ka duba kyallen. Muddin launin mai ɓarnar ne ke fitowa, ci gaba. Da zarar ka ji kyallen ya fara jan jiki kamar yana mannewa, ko sheƙin wurin ya fara dushewa, tsaya, shimfiɗar sama ta fara laushi. Ka sa safar hannu, ka yi a fili inda iska ke kaɗawa, ba mai shan sigari a kusa.

Bayan babban fentin ya tafi, za a bar ƙananan ɗigo-ɗigo da iska ta watsa, waɗanda ido ba ya gani sosai amma hannu na jin kaushinsu. Maganinsu shi ne yumɓun goge mota, wani dunƙule mai laushi da ake sayarwa wurin kayan gyaran fenti. Ka yanki kashi ɗaya cikin uku, ka murza shi ya yi laushi, ka baje shi a yatsu, ka jiƙa wurin sharkaf da ruwan sabulu, ka riƙa jan sa gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za ka ji yana ɗan ƙara yana kamawa, can sai ya fara sulɓi shiru. Wurin ya fita ke nan. Ka riƙa ninka shi kana ɓoye gefen da ya yi datti. Idan ya faɗi ƙasa, jefar da shi, ya riga ya kwashi yashi.

Gilas ne mafi sauƙi: jiƙa shi, ka kwantar da sabuwar reza, ka tura ta gaba a karkace. Ta waje kaɗai, don baƙar ledar da ake manna wa gilas a ciki take, reza za ta yaga ta.

Fitilun gaba su ne wurin da aka fi yin asara. Kamar gilas suke a ido, amma roba ce mai tauri, kuma asiton ko tina na taɓa ta za ta yi fari ta tsattsage, sau da yawa babu gyara sai sauyi. Yumɓu da man goge kawai za a bi su da shi. Baƙar robar bamba da ta gefen gilas, mai ɗan kaushi, ita ma kada asiton ya kusance ta. Fenti kan shige cikin ramukanta, sai a bi da sifirit da tsohon buroshin haƙori, kuma wani lokaci duk haƙurin da aka yi sai an bar ɗan alama. In ƙaramin yanki ne, sauya shi ya fi sauƙi. Motar da fentinta marar sheƙi ne tun asali, ko aka lulluɓe ta da leda mai launi, kada a sa mata man goge ko yumɓu, domin wurin zai yi ƙyalli ya bambanta da saura har abada. Wannan a kai wa masu sana'ar.

Wani lokaci bayan komai ya fita, in rana ta haska sai ka hangi inuwar rubutun, musamman jan fenti ko baƙi a kan farar mota. Launin ne ya ɗan ratsa saman shimfiɗar sheƙi. Man goge fenti mai laushi yakan ɗauke shi, da hannu ko da inji a ƙaramin gudu. Kowane zagaye yana cin 'yan maikiron, saboda haka in an yi biyu ko uku inuwar ba ta tafi ba, a dakata a nemi mai fenti ya auna kaurin da ya rage. A kan kaifin bonet da gefen ƙofa fenti ya fi siranta, nan inji ke fara ƙonawa, gara a rufe su da tef.

Duk waɗannan sinadarai sun wanke kakin da ke kare jikin motar, don haka a sake wanke ɓangaren da sabulu, a busar, a shafa sabon kaki a kan ƙofar ko bonet ɗin gaba ɗaya, ba wurin da aka goge kaɗai ba.