Allurar da ta kusa kashe mini kyanwa a Garwa

Duk wanda ya ce maka a yi wa kyanwarka allurar hana haihuwa irin ta mata, kada ka saurare shi, ko da farar riga ce a jikinsa. Ita ce ta ci mini kuɗi, ta kusa cin ran dabbar da ta fi kowace amfani a sitona, kuma har yau in na bi ta gaban rumfar wanda ya yi ta sai raina ya ɓaci.

Hatsi nake sayarwa a Garwa, a arewacin Kamaru: masara, dawa, masakwa idan lokacinta ya zo, da gyaɗa. Mai sito ya san kyanwa ba kayan ado ba ce. In babu ita, ɓera da gafiya su ne abokan tarayyarka a kowane buhu. Tawa baƙa ce mai farin ƙirji, ita kaɗai ta ishi sito da gida. Abin da ya dame ni haihuwarta ce. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma a ƙasarmu mai zafi ba ta da wani lokacin hutu, rani da damina duk ɗaya. Sau biyu ko uku a shekara, 'ya'ya uku, huɗu, wani lokaci biyar. Na ba maƙwabta har suka ƙoshi. Na ba masu shago, na ba mai burodi, na aika ƙauye. Aka kai lokacin da in na ce wa mutum "kana son ɗan kyanwa?" sai ya ce mini nasa ma neman inda zai kai su yake.

Kowa a garin nan ya san abin da ake yi daga nan. A zuba su a kwali, a ba yaro ya kai bayan kasuwa, ko bola, ko bakin Binuwai, a ce Allah zai ciyar da su. Ni na sha buɗe irin kwalin nan da safe a bakin layinmu. 'Yan kyanwar da idonsu bai buɗe ba ba sa iya ko fitsari sai uwar ta lashe su, balle neman abinci. Rana ce ke kashe su, ko tururuwa, ko kare. A Faransa akwai ƙungiyar SPA tun 1845, mai gidajen da ake kai dabbar da ba ta da mai ita har wani ya zo ya ɗauka. Mu a nan gidan marayun kyanwa shi ne maƙwabcinka, in ya cika shi ke nan.

Da na kawo maganar a yi mata aiki a cire mahaifa, gida ya rabu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai karatu ne, kuma ba na tsallake maganarsa. Ya ce: "Ɗana, ka ji tsoron Allah. Wannan canza halitta ne." Ya jawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alkawarin sa mutane su canza halittar Allah. Na ce: "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, to taure fa? Da shanun huɗa da ake dandaƙewa?" Ya ce waɗannan dabbobin ci ne da aiki, fiɗiya tana gyara namansu, kuma an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu. Kyanwa kuwa ba a cin ta, me za a gyara? Inna ba ta shiga ayoyi ba. Ita cewa ta yi uwa ce kamar kowace uwa, ba za a tsaga mata ciki a gidanta ba.

Ana cikin wannan ne wani mai sayar da magungunan dabbobi a kasuwa ya kawo abin da ya kira hanya mai sauƙi. "Alhaji, ba yanka, ba jini, ba zunubi. Allura ɗaya, ka huta." Kuɗinta bai kai na mudun gyaɗa biyu ba. Kawu ya yarda, Inna ta yarda, tunda ba a taɓa halitta ba. Ya zo har sito ya yi mata. Tambaya ɗaya bai yi ba. Bai taɓa cikinta ba, bai ce yaushe ta haihu ba, bai ce ko muzuru ya bi ta ba. A lokacin tana shayar da 'ya'ya, kuma a wurinmu duka mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Ashe kyanwa ba haka take ba: makonni kaɗan bayan haihuwa, 'ya'ya na kan nono, tana iya sake ɗauka. Tawa tana da ƙaramin ciki ranar da aka soka mata allurar.

Daga baya likitan dabbobi ya yi mini bayanin da ya kamata mai rumfar ya sani kafin ya riƙe sirinji. Allurar nan, irin ta wata uku da ake yi wa mata, sinadarinta kwaikwayon wanda ke riƙe ciki a jikin uwa ne. Naƙuda ba ta tashi sai wannan sinadari ya sauka. To an cika jikin da shi, kuma zai daɗe bai fita ba. Ciki ya girma, kwanaki suka cika, ƙofar mahaifa ta ƙi buɗewa. 'Ya'yan suka mutu a ciki suka fara ruɓewa.

Abin da muka gani shi ne ta daina ci. Ta shige bayan buhuna ta kwanta, jikinta zafi, ciki a kumbure, sai shan ruwa. Sai wani ruwa mai wari ya fara fita. Na koma wurin mai allurar, ya ce zafin gari ne, in ba ta farasitamol. Allah ya tsare, ban ba ta ba, don yaron shagona ya matsa a kai ta asibitin dabbobi tukuna. Da likita ya ji maganar farasitamol sai da ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Mutum ɗaya, shawara biyu, kowacce ta isa ta aika da ita lahira.

A ranar aka yi aikin, ba jira. Aikin da aka ƙi yi mata tana da lafiya, shi aka yi tana tsakanin rai da mutuwa, da ƙarin ruwa, da alluran kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, kuma kuɗin ya ninka na aikin da likita ya ce zai yi wa lafiyayya. Ana gudun gara aka faɗa gidan zago. Likita ya nuna mini abin da ya ciro a cikin tasa, ban iya tsayawa kallo ba. Ya ce ko da babu ciki, allurar tana jawo mugunya ta taru a mahaifa, tana kumbura nonuwa, tana iya kawo ƙari a cikinsu, kuma ba yau ya fara karɓar irin wannan ba. Wato ba rashin sa'ata ba ne kawai, halin maganin ne.

Na ɗauki Kawu na kai shi ya gan ta tana kwance da ɗinki. Ban ce masa komai ba. Shi da kansa ya kawo hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ya ce wanda ya rufe 'yan kyanwa a kwali ya ajiye a rana ya duba kansa da wannan hadisi. Daga baya ya bincika ya gaya mini cewa malamai sun yi saɓani: akwai waɗanda suka hana, akwai malaman Hanafiyya da suka halatta fiɗiye muzuru idan akwai amfani ko kawar da cuta, kuma Shaihu Ibn Usaimin ya ce idan kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa, aikin kuma ba zai cutar da su ba, babu laifi, don ya fi a kashe su bayan an halicce su. Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Har yanzu ya fi sakin jiki da na muzuru a kan na mace. Amma ya daina hana ni, kuma allurar nan ya ce haramun ce a gidansa tunda cutarwarta ta bayyana. Ni ina ganin na mace ma ya fi wajaba, don ita ce mai ɗaukar wahalar, kuma muzurun unguwa ba naka ba ne balle ka kama su duka.

Bayan ta warke na kai 'ya'yanta mata biyu da na riƙe, da muzurun gida. Wannan ya tafi lami lafiya, ba abin faɗa da yawa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne shekaru. Mutane suna jira wai ta girma, ko ta haihu sau ɗaya tukuna don jikinta ya buɗe. Babu wannan a likitance. Mace tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, tana nan kamar yarinya a idonka. Yin aikin kafin ta fara neman muzuru ya fi sauƙi, ya fi saurin warkewa, kuma yana rage haɗarin sankarar nono sosai. Ka hana ta abinci tun dare kamar yadda likita zai gaya maka. Ka ɗauke ta a kwando mai murfi, kada ka riƙe ta a hannu a kan moto. Bayan aiki ta zauna a ɗaki mai tsabta wajen kwana goma, kada ta lashi ɗinkin. Mu tsohuwar safa muka yanke muka sa mata kamar riga. In kana da zaɓi ka yi shi lokacin sanyi, Disamba ko Janairu. Zafin Garwa na Maris da Afrilu, wanda ke haura digiri 40, ga ƙuda, ba lokacin jinyar rauni ba ne. Muzuru kuma kada ka sake shi cikin mata nan da nan, don yana iya yi musu ciki har 'yan makonni bayan an fiɗiye shi.

Tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini ita ce ko za ta ci gaba da kama ɓera. Tana kamawa, har ta fi da. Da rabin shekararta a ciki da shayarwa take ƙarewa, yanzu tana sito dare da rana. Muzurun da ke ɓacewa kwana da kwanaki ya dawo da kunne a yage yanzu yana gida, kuma warin fitsarin da yake fesa wa buhuna ya ragu ƙwarai. Sai dai ka kula da abinci, don suna saurin ƙiba in ka sake musu.

Ranar da aka cire zare likita ya yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, kuma wannan ita ce allurar da ya kamata a riƙa tallatawa a kasuwa. Cire mahaifa ba ya hana wannan ciwo, kyanwa ma tana kamuwa ta kuma sa wa mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 suna da yawa a cikinsu. Maƙwabtanmu na Njamena sun nuna abin yana yiwuwa: a 2012 da 2013 aka bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka rigakafi kyauta, aka samu sama da kashi 70 cikin 100, ciwon ya yanke a birnin na wani lokaci, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Ba guba aka zuba wa karnuka ba, allura aka yi musu. Mu da muke da LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen lafiyar dabbobi na ƙasa, a Bokle, nan kusa da gari, da makarantar likitocin dabbobi a Jami'ar Ngaundare, bai kamata a ce mai rumfar kasuwa ne likitan kyanwarmu ba. In kare ko kyanwa ta ciji yaro ko ta yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka.

Wani abin da ban zata ba ya biyo baya. Da labari ya bazu cewa Alhaji mai hatsi yana kai kyanwa asibiti, sai kwalaye suka koma ƙofar sitona. In zo da asuba in tarar da su, ba sallama, ba mai su. Waɗanda suka yi ƙanƙanta da yawa sukan mutu a hannunmu duk da ƙoƙarin yarana, don madarar shanu tana sa su zawo, kuma ba abin da ke maye uwa a makonnin farko. Wannan yana ci mini rai, don masu yin haka sun san ni, da sun yi mini magana da na ce su bar su a kan nono har wata biyu, sannan mu nema musu gida tare.

Yanzu sharaɗina ɗaya ne ga duk wanda ya zo da kwali ido da ido: zan taya ka raba 'ya'yan, amma uwar za mu kai ta a yi mata aiki, in biya rabi ka biya rabi. Wasu sun yarda, wasu sun ɗauki kwalinsu sun juya. Mun kuma yi magana da masu sito na layinmu mu haɗa kyanwoyinmu mu kai lokaci ɗaya idan sanyi ya shigo, likita ya ce in sun yi yawa zai rage mana kuɗi. Biyu daga cikin masu siton sun riga sun yi wa nasu waccan allurar kafin su ji labarina, su na sa a farkon layi.